Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Magana Kan Finafinan Yaran Titi

Jama'a, akwai wani irin fim da masana harkar silima suka daɗe suna yi wa kirari, yanzu kuma na lura wasu daga cikin marubutanmu da samarinmu masu sha'awar riƙe kyamara sun karɓi amshi, har ana cewa wai shi ne fim na haƙiƙa, sauran duk wasan yara ne. Ina nufin finafinan nan masu zaman kansu, wato waɗanda babu wani ƙaton kamfani a bayansu, sai dai darakta ya yi faɗi-tashi ya tara ɗan abin da ya samu, ya saɓi kyamararsa ya shiga lungunan babban birni, ya ɗauko rayuwar yaran da duniya ta juya wa baya. Masu kwana a tasha da ƙarƙashin gada, masu shaƙar sholisho, masu yankan aljihu, da samarin da ba makaranta ba sana'a, gari ya waye su zauna, rana ta faɗi su tashi.

To, ni ina da ƙorafi a kan wannan kirari. Ƙorafina kuwa shi ne, a cikin wannan sana'a yaron titi shi ne kura, mai fim shi ne gardi. Yaro ya ba da fuskarsa da tabon jikinsa da sirrin rayuwarsa, a je a nuna a ƙasashen Turai a yi tafi, darakta ya dawo da kofi da suna da kuɗin fim na gaba, shi kuwa yaro a mayar da shi bakin kwatar da aka ɗauko shi. Wanda duk zai yabi fim irin wannan, wajibi ne ya fara tambayar abin da ya sami yaron bayan an kashe fitila.

Kafin in ci gaba, bari in raba gari da wasu mutane, don kada su ɗauka ni nasu ne. Akwai masu cewa a hana irin waɗannan finafinai baki ɗaya, wai suna tona asirin ƙasa, suna koya wa yara iskanci. Wannan tsohuwar magana ce, kuma tarihi ya riga ya ƙaryata ta. A 1950 Luis Bunuel ya yi fim ɗinsa Los Olvidados, wato Waɗanda Aka Manta, a kan yaran unguwannin talakawa na birnin Meziko, fim ɗin da ya ƙare da jefar da gawar yaro a bola kamar mushe. Manyan ƙasar suka fusata, suka ce baƙo ya zo ya ci mutuncinsu, kwana kaɗan da fara nuna shi aka janye shi daga gidajen silima. Shekara ta zagayo, a 1951, aka ba Bunuel kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Cannes a Faransa, sai ga masu zagin sun koma yabo. A 2003 hukumar UNESCO ta sa fim ɗin cikin jerin kayan tarihin da duniya za ta adana. Yaran bola dai ba Bunuel ya haife su ba, can ya tarar da su.

Haka nan a Faransa. A 1993 wani ɗan sanda ya harbe wani saurayi ɗan asalin Zayar mai shekara 17 a cikin caji ofis a birnin Faris. Wannan ne ya zaburar da Mathieu Kassovitz ya yi La Haine, wato Ƙiyayya, a 1995, labarin abokai uku, Bayahude da Balarabe da baƙar fata, 'yan dogayen benayen nan na bayan gari inda aka tara baƙi da talakawa. Har firayim minista Alain Juppe ya sa aka nuna wa ministocinsa fim ɗin. Sun kalla, sun tashi, kowa ya kama gabansa. Bayan shekara 10, a 2005, waɗannan unguwanni suka kama da wuta har sai da gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Ashe fim ɗin gargaɗi ne aka yi wa kunnen ƙashi. Saboda haka ni ban ce waɗannan finafinai ƙarya suke yi ba. Gaskiya suke faɗi, kuma gaskiya mai ɗaci. Abin tambaya shi ne, wa ke biyan kuɗin wannan gaskiya?

Mu fara da ƙasar Barazil. A 1980 Hector Babenco ya fito da Pixote, fim ɗin da har yau masana ke sa shi a sahun gaba. Labarin wani ƙaramin yaro ne da 'yan sanda suka kwashe tare da wasu aka zuba su gidan horon kangararru, inda ya ga fyaɗe da kisa, ya gudu ya faɗa harkar ƙwaya da fashi a Sao Paulo da Rio, tun bai san ciwon kansa ba ya riga ya kashe mutum. Wanda ya fito a matsayin Pixote shi ne Fernando Ramos da Silva, ɗan talakawa daga Diadema, wani gari a gefen Sao Paulo. Duk wanda ya ga idon yaron nan a fim ɗin ba zai manta da shi ba. Duniya ta yi tafi. Babenco ya wuce gaba, ya yi Kiss of the Spider Woman a 1985, har aka sa sunansa cikin masu neman kyautar Oscar.

Shi kuwa Fernando fa? An ba shi gurbi a wani wasan kwaikwayo na talabijin, amma bai daɗe ba aka sallame shi, domin ba ya iya haddace abin da aka rubuta masa, saboda karatunsa bai kai ya kawo ba. Ya koma unguwarsu, ya yi ta neman wani fim bai samu ba, aka kama shi da laifin sata. A watan Agusta na 1987 'yan sanda suka harbe shi har lahira a Diadema, yana da shekara 19, ya bar mata da 'ya. 'Yan sanda suka ce musayar wuta aka yi, danginsa suka ce ko allura babu a hannunsa. A 1996 kuma sai aka sake yin wani fim a kan mutuwar tasa. Wato a raye an ci da shi, a mace ma an ci da shi.

A nan ne ni, da nake malamin makarantar sakandare, nake jin abin ya tsaya mini a maƙogwaro. An sami lokacin koya wa yaro yadda zai tsaya gaban kyamara, yadda zai yi kuka, yadda zai riƙe bindiga, amma ba a sami wata dabara ta tsayar da shi ya iya karatu ba. Shekara bakwai ke tsakanin fitowar fim ɗin da mutuwarsa. A shekara bakwai yaro yakan shiga aji ɗaya na firamare ya fito ya shiga sakandare. Duk malamin da ya taɓa riƙe alli ya san cewa yaron da aka ɗaga sama aka nuna wa duniya, sa'an nan aka sake shi ba tare da komai a kansa ba, ya fi wanda ba a taɓa ɗagawa ba shiga haɗari. Ya ɗanɗani zuma, ba zai iya komawa dako da wankin mota da zuciya ɗaya ba, abokansa na ganin yana da kuɗi ya ɓoye, 'yan sanda kuma sun san fuskarsa a matsayin ɓarawo tun daga majigi.

Mu leƙa Indiya, ƙasar da mu Hausawa muka fi kowa sanin finafinanta. Mun san rawa a kan duwatsu da waƙa a cikin furanni, amma kaɗan ne daga cikinmu suka kalli Salaam Bombay, wanda Mira Nair ta yi a 1988, inda wani yaro mai suna Krishna ke tallan shayi a unguwar karuwai yana neman tara rupi 500 don ya koma wurin uwarsa, kullum ya tara sai wani ya kwashe. Fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin farko mafi kyau a Cannes, ya kuma shiga takarar Oscar. Shafiq Syed, yaron da aka tsinto a titi ya fito a matsayin Krishna, ya sami lambar yabo ta ƙasa. Daga baya manema labarai suka same shi a birnin Bangalore yana tuƙa keke mai ƙafa uku, irin wanda muke kira A Daidaita Sahu, yana ciyar da iyalinsa. Ban raina sana'ar ba, neman halal ne. Amma a dubi nisan da ke tsakanin inda fuskarsa ta kai da inda shi kansa ya tsaya.

Ko a Amurka mai arziki haka zancen yake. A 1995 Larry Clark ya yi Kids a kan samari da 'yan matan birnin New York masu yawon banza da shaye-shaye a zamanin da cutar ƙanjamau ke cin mutane. Yawancin 'yan wasan samarin titi ne na gaske da ya tarar suna wasan sulu a kan katako mai taya. An kashe wajen dala miliyan ɗaya da rabi, fim ɗin ya kawo kusan miliyan 20. Biyu daga cikin 'yan matan, Chloe Sevigny da Rosario Dawson, sun zama taurari. Amma Justin Pierce ya kashe kansa a 2000, Harold Hunter kuma ya mutu a 2006 bai wuce shekara 31 ba. Ban ce fim ne ya kashe su ba, ajali ba ya hannun darakta. Sai dai a 2021 wasu daga cikin waɗanda suka rage sun fito a wani fim na bayar da shaida mai suna We Were Once Kids, suka bayyana yadda aka sallame su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali rayuwarsu ce aka sayar.

Mai karatu zai ce, to me ya sa abin ke maimaita kansa daga wannan nahiya zuwa waccan? Dalilin a fili yake, yana cikin yadda sana'ar take. Mai fim mai zaman kansa ba shi da kuɗin ɗaukar fitaccen ɗan wasa, kuma abin da yake sayarwa shi ne a ce fim ɗinsa gaskiya ne tsagwaronta. Yaron titi ya biya masa buƙatun nan biyu a lokaci guda: ga araha, ga shi kuma ba sai an koya masa tafiyar mai jin yunwa ba. Yaron ba shi da lauya, ba shi da ƙungiya, sau da yawa ba shi da uban da zai tsaya masa, takardar yarjejeniya ma in an miƙa masa ba zai iya karantawa ba. Su kuma masu kallon da ake nufi, ba mutanen unguwar ba ne, alƙalan bukukuwan finafinai ne na Cannes da Berlin da Venice, da masu hali da ke shiga silima mai sanyi su zubar da hawaye na awa biyu su fito su wuce gidan cin abinci. Da zarar mai fim ya gane cewa tsananin wahala shi ke jawo kofi, sai ya shiga neman wahalar da ta fi ta jiya.

Wannan ba ni na fara ganinsa ba. Tun a ƙarshen shekarun 1970 wasu masu fim biyu 'yan ƙasar Kolombiya, Luis Ospina da Carlos Mayolo, suka yi wani gajeren fim na ba'a mai suna Agarrando Pueblo, inda suka nuna masu kyamara suna zagaya titunan birnin Cali suna farautar mabarata da mahaukata da yara tsirara don su sayar wa gidan talabijin na Jamus. Har suna suka raɗa wa wannan ɗabi'a, wanda in an juya shi zuwa Hausa zai zama batsar talauci. Sunan ya dace ƙwarai, domin a duka biyun ana tsiraita mutum ne don wani ya ji daɗin kallo.

Na san amsar da masu kare waɗannan daraktoci za su bayar. Za su ce mai fim ba gwamnati ba ne, ba shi ya jefa yaro a titi ba, aikinsa ya nuna ciwo, magani kuwa na hukuma ne. Za su ƙara da cewa ko ba a yi fim ɗin ba, ƙarshen Fernando zai iya zama ɗaya da na dubban 'yan uwansa da babu wanda ya san sunansu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban ce duk daraktocin nan mugaye ne marasa imani ba. Amma Bahaushe ya ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai wucewa da ya ga yaro a titi ya kau da kai, laifinsa ɗaya da na kowa. Wanda kuwa ya tsaya, ya kama hannun yaron, ya gina sunansa da arzikinsa a kan fuskarsa, wannan ya ɗauki bashi na musamman, kuma ba a biyan irin wannan bashi da godiya a ƙarshen fim.

Hujjar cewa ba zai yiwu ba ma ta faɗi, tunda akwai waɗanda suka gwada. Ita Mira Nair ɗin, da kuɗin Salaam Bombay aka kafa gidauniyar Salaam Baalak, wadda ta buɗe wa yaran titi wuraren kwana da karatu a Delhi da Bombai. Nabil Ayouch na Maroko, da zai yi Ali Zaoua a 2000, labarin yaran Kasablanka uku da suka ƙudura sai sun yi wa abokinsu jana'iza irin ta 'ya'yan sarauta, ya bi ta hannun ƙungiyar Bayti mai kula da irin waɗannan yara, bai je ya kwaso su kai tsaye ba, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 2001. Zain Al Rafeea, ɗan gudun hijirar Siriya da Nadine Labaki ta ɗauko a titin Beirut ya fito a Capernaum a 2018, ya ƙare da iyayensa a ƙasar Norway, inda ya shiga makaranta. Ashe dai inda aka so yi, ana yi.

Amma ko wannan bai isa ba, domin akwai abin da ya fi kuɗi, wato wa ke ba da labarin. Misalin da ya fi burge ni a nan na maƙwabtanmu ne. A 1958 Bafaranshe Jean Rouch ya yi Moi, un noir a kan samarin Nijar 'yan ci-rani da ke dako a Treichville, wata unguwa a Abijan. Babban ɗan wasan shi ne Oumarou Ganda, haifaffen Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙi a Indocina ya dawo ba shi da komai. Rouch ya bar shi ya yi bayanin hotunan da bakinsa, ya faɗi abin da ke ransa. Ganda bai tsaya a gaban kyamara ba, ya zagaya bayanta. A ƙarshen shekarun 1960 ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja irinsa, a 1972 kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO. Ya rasu a 1981, bikin kuma ya sa sunansa a kan kyautar da ake ba sababbin daraktoci. A kwatanta Ganda da Fernando. Ɗaya an ara fuskarsa an mayar da shi, ɗaya ya fita da sana'a a hannu.

Haka Paulo Lins, wanda ya tashi a unguwar Cidade de Deus ta Rio, shi ya rubuta littafin 1997 da aka juya ya zama fim ɗin City of God a 2002. Haka Ladj Ly, ɗan asalin Mali da ya girma a Montfermeil, ɗaya daga cikin unguwannin da suka yi bore a 2005, ya yi Les Miserables a 2019 ya ci kyauta a Cannes, ya kuma buɗe makarantar koyon fim kyauta ga samarin yankinsu. A nan gida ma an taɓa gwadawa. A 2011 wasu almajirai tara a Kano, da tallafin cibiyar Goethe ta Jamus da wata mai bincike Hannah Hoechner, suka tsara labari suka ɗauki fim da hannunsu mai suna Duniya Juyi Juyi. Almajiri ba ɗan daba ba ne, kuma abin da suka so nunawa ke nan: yaro mai neman ilmi, mai aikatau a gidajen mutane, mai jin zafin wulaƙanci kamar ɗan kowa. Baƙo da ya zo da kyamara zai ga tsumma da kwanon bara kawai. Su kuwa sun nuna mutum. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana marubuta da samarinmu masu shirya finafinai. Yanzu kowa na da kyamara a aljihunsa, ga YouTube a buɗe, ga masu ba da tallafi daga waje suna neman labarin talaucin Afirka ruwa a jallo. Garuruwanmu kuma cike suke da yaran tasha da 'yan jari-bola da samarin da ƙwaya ta cinye. Lallai a ba da labarinsu, shirun da muka yi a kansu ma abin kunya ne. Amma duk wanda zai sa yaro a fim, ya nemi iyayensa ko malaminsa ko wani babba da zai tsaya masa, a karanta musu yarjejeniya da harshen da suke ji. A yanka wa yaron kaso daga abin da fim zai kawo, a rubuce, ba kuɗin abinci na kwanakin ɗauka kaɗai ba. A sa kuɗin makarantarsa ko na koyon sana'a cikin kasafin fim ɗin tun farko, kamar yadda ake sa kuɗin hayar janareta. A fara nuna fim ɗin a unguwar da aka ɗauke shi kafin a kai shi Turai, domin wanda ba zai iya zama cikin mutanen da ya ɗauka su kalla tare ba, ya san akwai abin da ya yi musu ba daidai ba. A kuma ɗauki ko da yaro ɗaya a koya masa rubuta labari da riƙe kyamara.

Mu kuma masu sharhi a mujallu irin wannan, mu daina tsayawa a kan kyan hoto da iya tsara labari. In aka kawo mana fim ɗin yaran titi, mu nemi sunayen yaran, mu tambayi inda suke kwana yanzu, da ajin da suke, da abin da ya shiga hannunsu. Darakta da ya amsa ya cancanci yabo. Wanda kuwa ya ce bai sani ba, to mu ajiye masa kofinsa a gefe tukuna, sai ya je ya nemo su.

Allah ya sa mu gyara.